Saiwa Ma Tana da Ɗan Gwangwanta

Jama'ar Ogui! Na san halinku, shi ya sa tun kafin in buɗe baki na ɗaura ɗamarar gardama. Ku ne waɗanda ko wata aka ce ya tsaya sai kun tambayi wa ya gani, a ina ya tsaya ya gani, kuma shi ɗan gidan wane ne. To abin da na zo da shi yau ba mai iya nuna muku shi da yatsa, domin a ƙarƙashin ƙasa yake faruwa, a cikin saiwar shuka. Ga shi a dunƙule: akwai wani sinadari da ake kira siliniyam. Idan ya yi yawa a ƙasa, saiwa takan sha shi bisa kuskure, ta gina jikinta da shi, ginin ya fito a karkace, sai ta dawo tana rushe abin da ta gina. Muddin rushewar nan tana tafiya daidai, shuka tana nan da ranta. Ranar da mai rushewar ya gaza, sai dai a yi wa manomi jaje.

Ga Alhaji mai albasa can ya riga ya taɓe baki. "Malam, mu da muka baro gona a Aliero muka zo Enugu neman halali, ko kunya ɗaya ba mu da ita a nan, ina ruwanmu da saiwa?" Ranka ya daɗe, ai kai ya fi kamata ka matso kusa, don kaf jarinka aikin saiwa ne. Wannan yajin da ke sa wadda ta sayi kayanka hawaye a madafi, daga ina kake zaton ya fito? Farar wuta ce. Albasa da tafarnuwa da kabeji duk masu kwaɗayin farar wuta ne. Saiwarsu ke zuƙo ta daga ƙasa, su sarrafa ta, ita ke ba su wari da yaji. Zaro guda daga buhunka ka juya gindinta. Ka ga 'yan busassun zaruruwan nan da kake murjewa da babban yatsa kafin ka kasa? Su suka yi wata da watanni a fadama suna yi maka wannan aiki, kai kana nan kana ciniki ta waya da mutanen Anacha da Fatakwal. Ko sannu ba ka taɓa ce musu ba.

Matsalar ita ce farar wuta tana da ɗan uwa mai tsananin kama da ita. A jadawalin sinadarai da yaranku ke haddacewa a sakandare, farar wuta ce lamba 16, siliniyam kuma lamba 34, yana zaune daidai ƙarƙashinta a sahu ɗaya. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, shi ya gano shi a 1817 cikin dattin da ya kwanta a wata masana'antar da ake sarrafa farar wuta, kuma da farko shi ma ya zaci wani sinadarin ne daban. Idan babban malami mai ɗakin gwaji ya ruɗe, sai a yi wa saiwa uzuri, ita da ba ta da ido. A fatar saiwa akwai 'yan ƙofofi, kowace da abin da take bari ya wuce. Siliniyam yana zuwa da siffa biyu. Wanda ake kira silinet yakan yi sojan gona ya bi ta ƙofar farar wuta. Wanda ake kira silinait kuma yakan bi ta ƙofar fosfet, wato wannan harafin P da ke tsakiyar NPK a jikin buhun taki. Ba ya fasa katanga, sallama yake yi a amsa masa.

Na ji wani Bakano daga baya yana cewa, "To nawa ake samu a ciki?" Dama na san ba za ka iya haƙuri ba. Bakano ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya shafa likkafani ya tambayi nawa yadi. Mu Zagezagi mun saba ɗaukar nauyin iliminku, don haka ka zauna, rabonka yana tafe.

Sai mu shiga cikin saiwar. Ku da kun ji an ce furotin, tunaninku yana wurin tsire da wake da ƙwan mai shayi. Gaskiya ne suna ciki, amma abin ya wuce nan. Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ko ta shuka, furotin ne ma'aikatanta. Su ne ƙofofin da na ambata, su ke sarrafa abinci, su ke gina sabon jiki a tsinin saiwa. Ana ƙera kowane furotin ne daga ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, a jera su a dogon zare, sannan zaren ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa ta musamman. Siffar nan ita ce aikinsa. Idan ta karkace, aiki ya tsaya. Biyu daga cikin ashirin ɗin, sisteyin da metiyonin, suna ɗauke da farar wuta, kuma sisteyin guda biyu sukan riƙe juna ta wurin farar wutarsu don naɗin ya zauna daram. Idan saiwa ta sha siliniyam, sai ta bi da shi duk hanyar da take bi da farar wuta, ta ƙera sisteyin na jabu, ta jera shi a zare. Siliniyam ya fi farar wuta girma kuma ya fi ta saurin kama abu, don haka riƙon ba ya fitowa daidai, naɗin ya goce. Furotin da ya goce bai tsaya ga ƙin aiki ba. Yakan manne wa 'yan uwansa su cure wuri ɗaya, su tare wa masu lafiya hanya.

Yanzu ina ɗan gwangwan? Kai, ƙanena, ajiye kurar nan ka zo gaba, yau ranarka ce. Kullum ana yi maka kallon mai yawon bola, to ga shi ashe sana'arka ce ke riƙe da ran kowace shuka. Ku dubi yadda suke yi a filinsu. An kawo tsohon janareto, maigida ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ja igiya ya ji shiru, ya ce kwandem ne, ya sa yaro ya shafa masa fenti. Duk abin da ke da wannan shaida ba ya kwana. Yara su ja shi gefe, guduma da kurfi su hau aiki, a kwance shi ɗaiɗai, jan ƙarfe gefe guda, alminiyam gefe guda, baƙin ƙarfe a kan sikeli, a loda a mota a kai inda za a narka a ƙera sabo. To haka saiwa take yi. Tana da masu zagayawa suna duba furotin, kuma a jikin wata 'yar ciyawa da masana suka fi yin gwaji da ita, Arabidopsis, an ƙirga irin waɗannan masu dubawa fiye da 1,000, kowane da kayan da ya ƙware a kai. Fentin da suke shafawa wani ɗan ƙaramin furotin ne mai amino asid 76, sunansa yubikwitin. Guda ɗaya ba ya isa hukunci, sai an jera kamar huɗu a sarƙe. Daga nan sai a ja mai laifin zuwa wurin kwancewa, wanda ake kira furotiyazom. Siffar ganga gare shi, zobe huɗu a ɗore, kowane zobe da ɓangare bakwai, da murfi a baki. Murfin ya duba shaida, ya cire ta a ajiye don gaba, ya warware naɗin, ya zura zaren cikin gangar, wuƙaƙen ciki su daddatsa shi. Gutsattsarin su fito, a mayar da su amino asid, a sake gini da su. Aikin nan yana cin ƙarfi sosai, saiwa daga abincinta take biya.

"Kai Malam, wannan ai tatsuniya ce. Wa ya shiga cikin saiwa ya gani?" Mai shayi ne wannan, na gane muryarsa, mutumin da ke sauraron labaran duniya na safe da na yamma amma bai taɓa yarda da ko ɗaya ba. To Malam mai shayi, waɗanda suka gano wannan tsari na shaida da daddatsawa su uku ne, Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose, kuma a kansa aka ba su kyautar Nobel ta fannin sinadarai a 2004. Maganar siliniyam kuma, ga yadda aka kama shi dumu-dumu. A Jami'ar Coastal Carolina ta Amurka, wani masanin tsirrai, Doug Van Hoewyk, da ɗalibansa sun yi dabarar da kai ma za ka yi in kana son sanin amfanin mutum: ka hana shi aiki ka ga abin da zai lalace. A 2012 suka ba wata shuka mai suna Stanleya pinnata siliniyam, suka ga gangar ta ƙara himma, kayan da aka shafa wa shaida sun ƙaru. Sai suka zuba wani magani, MG132, mai toshe gangar. Nan take siliniyam ya taru a cikin furotin ɗin shukar fiye da da. Ashe dama gangar ce ke kwashe shi. A 2015 suka maimaita da Brassica napus, dangin kabeji da ake matsar mai daga irinsa. Suka ba shi sisteyin na jabun kai tsaye, aikin gangar ya tashi cikin ɗan lokaci, da aka toshe ta kuma siliniyam ya sake taruwa. In har yanzu ba ka yarda ba, zuba mini shayi, kauri, mu ci gaba.

Inda abin ya fi daɗin ji, kuma ya fi ban tsoro, shi ne gwajin 2014 da suka yi da wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya, Chlamydomonas. Da aka ba ta silinait kaɗan, gangar ta ƙara aiki, gansakuka ta jure. Da aka ƙara yawansa, sai aikin gangar ya faɗi ƙasa. Dalili shi ne silinait yana da sharri na biyu bayan sojan gona. A cikin ƙwayar halitta akwai wani sinadari mai kare ta, gulutatiyon. Silinait yakan yi karo da shi ya cinye shi, kuma a wurin karon sai wani nau'in oksijin mai ƙuna ya riƙa fita, wanda ke cin duk abin da ya taɓa. A saiwar dangin kabejin nan an ga wannan ƙuna tana tashi. To ita gangar da me aka yi ta? Da furotin. Masu dubawa fa? Furotin. Shaidar kanta furotin ce. Ƙanena ɗan gwangwan, ka ga inda aka kwana: kaya na ta shigowa fili ninki biyu, gudumarka kuma ta fara tsagewa. Siliniyam yana ƙara yawan abin rushewa, a lokaci guda yana kassara mai rushewar. Tsakanin shukar da ta jure da wadda ta mutu, sau da yawa bambancin ɗan ƙari ne a ma'auni.

Abin da ido zai iya gani kuwa, a tsinin saiwa yake farawa, don nan ne sababbin ƙwayoyi ke rabuwa, nan ake ƙera furotin ba dare ba rana. Tuge ɗan dashe mai lafiya daga bedi ka wanke gindinsa: saiwar fara ce sol, doguwa, tsininta sumul, ga gashi-gashi a jikinta. Wadda siliniyam ya dama takan tsaya gajera, girma ya ƙi gaba. Masu bincike a Jami'ar Szeged ta ƙasar Hangari sun nuna cewa har sinadaran da ke ba tsinin saiwa umarnin girma sukan rikice. Kafin ganye ya nuna alama, ƙasa ta daɗe da ɓaci. A jihar Punjab ta Indiya, a gundumomin Hoshiarpur da Nawanshahr, akwai gonakin da siliniyam ya yi wa yawa, ganyen alkama a can yakan koɗe har ya yi fari. Manominmu in ya ga ganye ya koɗe, abu ɗaya ya sani: a ƙaro yuriya. Ita kuwa saiwar da ke fama da tarin kwandem ba yunwa ke damunta ba.

Akwai kuma shuke-shuken da suka fi siliniyam wayo. Ita Stanleya ɗin nan da wata mai suna Astragalus bisulcatus, a yammacin Amurka suke fitowa, kuma sukan tara fiye da miligiram 1,000 na siliniyam a kowane kilo na busasshen jikinsu ba tare da ko gezau ba. Dabararsu ita ce da zarar an ƙera sisteyin na jabu, sai su liƙa wa mafi yawansa wani ɗan ƙarin sinadari da zai hana shi shiga zaren furotin, su jibge shi a ganye, wani kuma su fitar da shi ta iska. Shuka ta tsira, wanda ya ci ta ya shiga uku.

Nan ne maganar ta iso kan Ardo, wanda tun ɗazu yake jingine da sanda yana yi kamar ba ya ji. Ga Babarbare mai canji yana ta ƙyaƙyata dariya wai Bafulatani ina zai gane furotin. Kai dai yi a hankali, Alhaji mai canji, garin nan da kake zaune a ciki, Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Umaru Altine, shi ne magajin garinsa na farko a shekarun 1950, lokacin kai ko kuɗin mota daga Maiduguri ba ka tara ba. Ardo, saurara. A ƙarshen shekarun 1850 wani likitan soja a sansanin Fort Randall na Amurka ya ba da rahoton wata cuta da ta kama dawakan sojoji: gashin wutsiya da na geza ya zube, kofato ya lalace har doki ya kasa tafiya kiwo. An daɗe ana ɗora laifin a kan ruwan kanwa da dabbobin ke sha. Sai a shekarun 1930 binciken Kurt Franke da wasu a jihar Dakota ta Kudu ya kai ga gano cewa siliniyam ne a cikin ciyawa da hatsi. Me ya sa gashi da kofato? Domin furotin ɗin da aka yi su da shi cike yake da sisteyin, farar wuta ce ke ba su tauri. Sojan gonan da aka yi wa saiwa shi aka yi wa doki. Ka ga ke nan in ka tsaya a garikin Ugwuoba kana ɗaga ƙafar sa kana duba kofato kafin ka taya, kana karanta labarin ƙasar da ya yi kiwo ne, ko da ba ka sa masa suna ba.

Baba, na ga kana girgiza kai. "Yaro, duk ka kai mu Amurka da Indiya. Mu nan Enugu fa?" Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ai kai ka fi ni sanin abin da ya kafa garin nan. Kwal ne. A 1909 aka gano shi a tsaunukan Udi, a 1916 jirgin ƙasa ya fara jan sa zuwa Fatakwal, kuma hanyar jirgin nan ta ƙara jawo iyayenmu suka zauna a nan. Kwal kuwa, duk inda yake a duniya, yana ɗauke da siliniyam, wani kaɗan wani da yawa, saboda inda farar wuta ta kwanta nan ɗan uwanta ke raɓewa, kuma in an ƙona kwal yakan taru a toka da hayaƙi. Misali mafi muni a yankin Enshi na lardin Hubei a ƙasar Sin ya faru. Can akwai wani kwal mai tauri da siliniyam ya yi wa katutu, yana zagwanyewa yana shiga gonaki. Tsakanin 1961 da 1964 fari ya hana shinkafa, mutane suka koma kan masara da ganyen da suka noma a wannan ƙasa. A ƙauyukan da abin ya fi tsanani kusan rabin jama'a suka kamu, gashi da farce suna zubewa. Kada wani ya tashi daga nan ya je Ogbete yana shelar wai Malam ya ce ƙasar Enugu guba ce. Abin da na ce shi ne, mai ɗan lambu a bayan gida ko a bakin rafi kada ya yi ban ruwa da abin da ke tsiyayowa daga tsohon ramin kwal, kada kuma ya ɗauki tokar kwal tamkar tokar kara ya watsa wa alayyafo. Mai shakka a kan ƙasarsa ya ɗebi kaɗan ya kai a auna. Ga Jami'ar Nsukka nan kusa da masana ƙasa, in kuma ya fi yarda da na gida, Samaru tana nan a Zariya, za mu karɓe shi ko Bakano ne.

Ga kuma inda zan ruɗa ku gaba ɗaya. Irin jar ƙasar nan ta kudu, mai tsami, wadda ruwan sama ke wankewa kowace shekara, takan riƙe siliniyam gam a jikin tsatsar ƙarfen da ke cikinta, ta hana saiwa samu. Ƙasar da ke sakin sa ita ce busasshiya mai kanwa-kanwa. A Malawi an auna masara, aka tarar wadda aka noma a ƙasa mai tsami siliniyam ɗinta ya yi ƙasa ƙwarai in an gwada da ta ƙasa mai alli a kwarin kogin Shire. Rashinsa kuwa cuta ne. Tun 1957 aka tabbatar cewa jikin dabba yana bukatarsa, kuma jikin mutum yana da furotin iri 25 da ake saka wa siliniyam da gangan, a wurin da aka tanadar masa. A gundumar Keshan ta arewa maso gabashin Sin, a 1935, wata cutar zuciya ta yi ta kashe yara da mata masu haihuwa, daga baya aka gano ƙarancin siliniyam na cikin tushenta. Ƙasar Finland da ta ga nata ya yi kaɗan, sai ta fara zuba silinet a takin zamani tun 1984, gwargwado, da awo, ana bibiya.

"Yawwa! Ashe magani ne!" Wannan ɗan kemis ne, har ya miƙe zai ɗauko kwalba. Zauna, likitan unguwa. Baligi yana bukatar maikurogiram 55 ne a rana, kuma a ƙa'idar Amurka iyakar da ba a so a wuce ita ce 400. Maikurogiram kuwa, giram ɗaya ne aka raba gida miliyan. Tazarar da ke tsakanin magani da guba a nan ƙanƙanuwa ce. A watan Afrilun 2009, a jihar Florida, dawakan folo 21 suka faɗi suka mutu gab da wasa, bayan an yi musu allurar ƙarin kuzari da aka yi kuskuren awon siliniyam a cikinta. Dawakai ne na miliyoyi, masu likita da mai shara da mai goge kofato, ba yunwa ba ƙishirwa, ƙari ne ya kashe su. Alamar wanda siliniyam ya yi wa yawa kuma ita ce numfashinsa ya riƙa warin tafarnuwa ko bai ci ba. Mutanen layin 'yan tafarnuwa, ku kwantar da hankalinku, naku warin mun san asalinsa. Kuma kowa a nan ya taɓa riƙe siliniyam a hannu: sabulun wanke kai na Selsun da ake saya don amosani, haɗin siliniyam ne da farar wuta. A kai ake shafawa, ba a ce a kurɓa ba.

Hajiya mai tuwo tana tambaya ko ta daina sa albasa a miya. Haba Hajiya, so kike Alhaji ya kwana da buhu ɗari a kaina? Ki ci gaba da yankawa. Ɗan siliniyam da albasa da tafarnuwa da kifi da ƙwai ke kawowa amfani yake yi a jiki. Ita shukar ma, kodayake ba ta dogara da shi ba, an sha ganin ɗan kaɗan yana taimaka mata jure fari da zafi. Rigimar ba a kan samuwarsa take ba, a kan hannun mai zubawa take.

Hannun nan kuwa namu ne, kuma mun san halinsa. An ce murfi ɗaya a jarka, mu zuba uku don ya fi ci. An ce cokali ɗaya na sinadarin ƙari a buhun abincin kaji, mu ce ai kajin namu manya ne. An ce allura ɗaya ga ɗan maraƙi, mu ƙara rabi don albarka. Takin feshi na ganye ya zo da rubutu a jiki, mu yage takardar mu ƙulla goro da ita. Saiwa tana da mai kwashe mata ɓarna, hanta da ƙodar dabba ma suna da nasu, amma kowane yana da iyakar kayan da zai iya ɗauka a yini, kuma abin da ake ƙarawa yana iya zama shi ke karya mai kwashewar. Wanda ya zuba uku a wurin ɗaya bai ninka amfani ba, asara ya saya da kuɗinsa.

Saura kai, mutumin Kano, na ce rabonka na tafe. Tun da Ogui har New Artisan, da Ose a Anacha, da Mile 1 a Fatakwal, ka duba mutum nawa ke sayar da taki da maganin feshi da na dabbobi, sannan ka duba mutum nawa ke sayar da cokalin awo da kofi mai lamba. Kasuwa ce a buɗe ba kowa. Ka saro katan goma daga Sabon Gari ka kafa tebur. In ta karɓe ka, la'adata buhun albasa ɗaya ce, kuma Alhaji ne zai biya, don shi ya fara gardama.